Bayan Littafin Awo: Abin da Wani Tela na Fagge Ya Karanta, Ya Ji, Ya Kalla

Da Kawu ya rasu a damunar 2021, rabon abin da ya bari bai ɗauki lokaci ba. Kekunan ɗinki biyu suka tafi wurin 'ya'yansa, shago ya koma hannun babban yaronsa da ya daɗe yana riƙe da shi. Sai wata adaka ta ƙarfe da ta rage a ƙarƙashin gado, cike da littattafan awo, waɗanda tela ke rubuta wuya da kafaɗa da hannu da tsawon rigar mai kawo ɗinki, da abin da ya bayar na kafin alƙalami. Babu wanda ya nuna yana so. Inna, matarsa, ta dube mu ta ce, "Ku 'yan kwamfuta, ku ɗauka, ko za ku ga abin da ya sa ya hana a kunna wuta da su."

Mun yi wata biyu ba mu buɗe ba. Ranar da muka buɗe, muka ga kowane littafi baki biyu gare shi. Ta gaba awo ne da kuɗi. Idan ka juya shi ka faro daga baya, sai ka tarar da wani lissafi dabam: littafin da ya karanta, wanda ya ara masa, wanda shi ya ara wa, fim ɗin da ya gani da silimar da ya gan shi, shirin rediyon da ya saurara, kaset ɗin da ya naɗa. Na farko ya soma a 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, har ma ana ganin yadda yake rikita sule da kwabo a shafukan farko. Na ƙarshe ya tsaya a 2014.

Tarihin adabin Hausa na boko, yadda aka koya mana shi, tarihin marubuta ne da maɗaba'u. Akan fara da gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Sai Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, sai Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, sai Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sai hukumar NORLA da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, sai kamfanin NNPC a 1966, na littattafai fa, ba na mai ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya haddace shi zai ci jarrabawa. Abin da jerin ba ya faɗa shi ne inda littafin ke zuwa bayan ya bar Zariya, wane hannu ya riƙe shi, kunnuwa nawa suka ji shi. Wannan ɓangaren ne muka tsinta a bayan littafin awo.

An haifi Kawu wajen 1950. Ya yi makarantar allo, ya yi firamare bai ƙarasa ba, aka kai shi koyon ɗinki a Fagge, unguwar da har gobe ba a raba ta da teloli. Bokonsa bai nuna a aji ba, a shago ya nuna. Maigidansa ba ya karanta boko amma yana son labari, don haka duk ranar da Gaskiya ta fito sai a sayo, a ce ƙaramin yaro ya ajiye allura ya karanta wa manya. Ya sha ba mu labarin cewa da haka ya tsira daga aikin guga. Da jarida ta ƙare sai a koma Magana Jari Ce, a bi aku da labaransa dare bayan dare, musamman a watan azumi lokacin da ɗinkin salla ke hana kowa barci. Bai san wani East ba, bai kuma damu da shekarar da aka yi gasa ba. Amma Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja ya san shi kamar maƙwabci, har yakan laƙaba sunan ga duk abokin da ya cika wayo.

A nan ne muka fara gane cewa adadin kwafin da aka buga ba ya gaya maka yawan waɗanda littafi ya kai gare su. Kwafi ɗaya a shagon tela yana da mai karantawa ɗaya da masu sauraro bakwai ko takwas, ban da mai jiran a gama masa kalmasa da almajirin da ya raɓe a bakin ƙofa. Wasunsu har suka mutu ba su iya haɗa baƙi da wasali na boko ba, amma ka tambaye su abin da ya sami Shaihu Umar a hannun masu fataucin bayi, su ba ka tiryan-tiryan. Mutanen nan sun saba da karɓar ilimi ta kunne tun daga zauren malam da tatsuniyar dare, littafin boko ya zo ya shiga layi ne kawai.

Shafukan 1975 sun fi na baya kauri ta gaba da ta baya. Shekarar Udoji ke nan, lokacin da aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi aka kuma biya su ariyas a dunƙule. Tela ba ma'aikacin gwamnati ba ne, amma ma'aikaci da ya ga kuɗi shadda yake fara yankowa. Daga ribar wannan shekara Kawu ya sayi rediyo mai kaset, kuma daga nan bayan littafin ya canza kama. Sashen Hausa na BBC ya riga ya daɗe, tun Maris na 1957 yake magana. Gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, na Jamus ya soma Hausa a shekarun 1960, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Kawu ya bi su duka, yana rubuta lokutan shirye-shirye a bangon littafi kamar mai rubuta lokutan salla. Yakan aika katin gaisuwa ga Zaɓi Sonka, yakan rubuta wasiƙa zuwa Landan, kuma duk ranar da aka karanta sunansa sai ya ja layi biyu a ƙarƙashin kwanan watan. Layukan ba su da yawa. Ga alama ya rubuta wasiƙu da dama da ba su taɓa fitowa ba, bai kuma fasa ba.

Akwai shafi ɗaya da muka daɗe muna kallo. Ranar 13 ga Fabrairu, 1976, babu awon kowa ta gaba. Ta baya ya rubuta cewa an kashe Murtala, ya ji a rediyo, sun rufe shago. Layi ɗaya ne tak, sai ya bar sauran shafin fari.

Kaset ya ba shi abin da rediyo bai ba shi ba, wato ikon riƙe abin da ya ji. Da an sako Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Maraya Jos, sai ya bar keke ya danna maɓallan nan biyu. Saboda haka kusan kowace waƙa a kaset ɗinsa ba ta da kai, ta riga ta yi nisa kafin hannunsa ya isa, wata kuma muryar mai gabatarwa ta sare mata wutsiya. Mu da muka tashi da jin su a haka, sai da muka girma muka san yadda wasu waƙoƙin suke farawa. Yana naɗar rubutattun waƙoƙi ma, na Aƙilu Aliyu da Imfirajin Aliyu Namangi, da tafsirin azumi, da wasan Samanja. Bai ware wani a matsayin adabi wani a matsayin shirme ba. A shafi ɗaya za ka ga tafsiri a layin sama, fim ɗin Indiya a layin ƙasa, da alƙalami ɗaya.

Maganar silima ita ce ta fi ba mu dariya, ita ce kuma ta fi nuna zamanin. A Kano silima ta taso da baƙin jini. Turawa da 'yan Labanan suka kawo ta, kuma yawancin gidajenta a wajen ganuwa aka gina su: Rex a Sabon Gari tun 1937, daga baya su Eldorado da Plaza da Orion da Marhaba. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya ta kashe fiye da mutum 300, mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Da aka gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950 sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce. Yaron kirki ba ya zuwa silima, ko kuma in ya je ba ya faɗa. Plaza kuwa a Fagge take, taku kaɗan daga shago. Kakanmu yakan duba littafin awon ɗansa don ya ga yadda sana'a ke tafiya, amma ajami yake karantawa, ba boko ba. Don haka Kawu ya rubuta sunayen masu bashi da ajami, inda tsoho zai gani ya yaba, ya rubuta finafinai da boko. A shekarun da ake ce wa boko rubutun hukuma, a gidanmu rubutun ɓoye sirri ne.

Ya ga Mother India fiye da sau ɗaya, ya ga Sholay, ya ga Disco Dancer. Ba ya jin Indiyanci, babu kuma mai fassara, amma bai taɓa kukan bai gane ba. Uba ya hana 'yarsa wanda take so, ɗa ya zaɓi tsakanin uwa da mata, talaka ya tsaya gaban mai kuɗi: waɗannan ba sa bukatar tafinta a Fagge. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a kan silimun Kano, ya yi bayanin cewa 'yan kallo sun ga wata rayuwar zamani a finafinan Indiya wadda ba ta Turawa ba ce, mai kunya da girmama iyaye, shi ya sa ta shiga ransu. Shafukan Kawu ba su musanta wannan ba, sai dai sun ƙara wani abu da masani ba lallai ya lura da shi ba. A gefen sunan fim sau da yawa akwai ɗan zane: wuyan riga, yankan hannu, inda aka sa maɓalli. Yana kallo da idon tela. Bayan mako biyu ko uku sai ka ga irin wannan wuyan ya bayyana ta gaban littafin, a awon wani saurayi. Muryoyin waƙoƙin ma ba su tsaya a silima ba, masu bandiri sun ɗauke su sun ɗora musu begen Annabi, har wanda ke tsine wa silima ya riƙa rausaya da karinta bai sani ba.

Daga 1980 littattafai suka sake yawa a lissafin. Gasar NNPC ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Gasar gwamnatin tarayya ta 1982 ta ba da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da wasu. Yana taɓa na Turanci ma, 'yan ƙananan littattafan Pacesetters da na James Hadley Chase, ko da yake ya rubuta a wani wuri cewa Turancin Chase yana sa shi ciwon kai.

Sai tattalin arziki ya karye. Da shirin SAP na 1986 naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta da ke da tabbacin ciniki. Wanda ya yi tsammanin ƙagaggen labari zai mutu a nan ya yi kuskure. Matasa, da yawansu 'ya'yan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa da kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo a farkon shekarun 1990 ya cika gari, ƙungiyar Raina Kama ta haɗa marubuta, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Malaman jami'a suka yi ta muhawara a jaridu a kan ko wannan adabi ne ko hayaniyar kasuwa. Ibrahim Malumfashi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya masa.

Kawu bai shiga muhawarar ba, amma shagonsa ya zama ɗaya daga cikin hanyoyin da littattafan suka bi. Wannan shi ne ɓangare mafi kauri a duk adakar. Mata da ke cikin gida ba sa zuwa kasuwa, amma suna aiko yara da ɗinki. Yarinya ta kawo atamfa, ta koma da littafi a cikin leda. Ta dawo karɓar ɗinki, ta dawo da shi, ta karɓi na biyu. Da farko aro ne, daga baya Inna ta ce tunda littattafan suna dawowa a yage, a riƙa karɓar ɗan abin da za a sayi wani. Haka haya ta fara, kuma kuɗin nata ne. Ita ce ma ke faɗa masa wanda za a ƙaro da wanda ba ya tafiya. Ya ɗinke bangon kowane littafi da ƙyallen da ya rage, da keke, don ya jure hannu. Mun sami wani da aka ara sau fiye da talatin, bangonsa na shadda ruwan toka yana nan garau, takardar ciki ce ta zama kamar ganyen kuka.

Yana da ra'ayi, kuma ba ya ɓoye shi. Yana girmama Balaraba saboda, a cewarsa, ta san abin da ke faruwa a cikin gidaje ba ta kuma ji tsoron faɗa ba. Abin da ya tsana shi ne littafin da za a yanke daidai inda numfashi ya tsaya a ce a nemi kashi na biyu, sannan na biyun ya yi wata shida bai fito ba. Irin waɗannan yakan rubuta kalma ɗaya a gabansu: zalunci. Mu da muke jiran sabon kashin Labarina kowane mako ba mu da bakin yi masa dariya.

A ganinmu, duk wanda ke son sanin dalilin da ya sa matan Kano da yawa na wannan zamanin suka riƙe karatun boko bayan an cire su daga makaranta an yi musu aure, ya duba irin wannan lissafi kafin ya duba rahoton ma'aikatar ilimi. Ba mu ce littattafan duka masu kyau ba ne, wasu an rubuta su da gaggawa, wasu kwaikwayon fim ɗin Indiya ne ƙarara. Amma su ne suka sa hannu bai manta baƙi ba. Lokacin da hukuma a Kano ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a 2007, da sunan gyaran tarbiyya, Kawu bai rubuta ra'ayinsa ba. Abin da ya rubuta kawai shi ne ya kwashe littattafai daga shago ya mayar gida.

Finafinan Hausa ba su kama shi sosai ba. Ya ga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa da ya fito a 1990, ya sayi bidiyo saboda yara, ya ga Sangaya kamar kowa, yakan sayi mujallar Fim jefi-jefi bayan ta fara fitowa a 1999. Amma kallon gida bai yi masa ba. Yakan ce a silima mutum ɗari biyar ne ke yin tsaki tare, a falo kuwa kai kaɗai ne da kukan yara da ɗaukewar wuta. Silimun da ya sani suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya koma ga rediyonsa, musamman da gidajen FM masu zaman kansu suka fara a Kano, irin Freedom a 2003, ana buga waya ana faɗin albarkacin baki.

Mu sana'armu rubuta manhaja ce, don haka abin da ya fara zo mana shi ne mu zuba duk wannan a rumbun bayanai. Muka tsara jadawali yadda aka koya mana: suna, marubuci, shekara, iri. Kwana uku da fara shigarwa muka ga tsarin bai dace ba. Gurbin marubuci ya zauna fanko a layi da yawa, don Kawu ba ya yawan rubuta marubuci sai wanda ya burge shi. Sunan fim ma sau da yawa ba sunansa na gaskiya ba ne, laƙabin da 'yan kallo suka sa masa ne da Hausa, ko sunan jarumi da abin da ya yi a ciki. Abin da bai taɓa mantawa ba, ko sau ɗaya, shi ne daga hannun wa abu ya fito da hannun wa ya tafi. Wane ya ba ni. Na ba matar wane. Mun gani da wane da wane. Mu mun shirya masa kundin ɗakin karatu, shi kuwa taswirar mutane ya bari. Sai da muka rushe jadawalin muka sake gini, muka sa mutum a tsakiya, littafi ya zama igiyar da ta haɗa mutum biyu.

Wannan ya jawo wata matsalar. Sunayen nan na mutane ne, wasu suna raye, wasu 'ya'yansu ne ke raye. Matar da ta ari littafin soyayya goma sha biyu a wata ɗaya a 1993, watakila mijinta bai sani ba, watakila yau hajiya ce mai jikoki da ba za ta so a tuna mata ba. Mun yanke cewa sunaye ba za su fita daga gida ba. Muka ba kowa lamba. Mun san da haka mun rage wa mai bincike na gaba wani abu, amma amanar tela ba ta tsaya a kan yadi kaɗai ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ƙarshen labarin, kuma laifin namu ne. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, bayan wasu shekaru kowa ya koma memori da tura waƙa ta Bluetooth, masu turawa suka kafa tebura a bakin kasuwa. Wajen 2012 muka ce wa Kawu kaset ya tsufa, ya kawo mu mayar masa da su cikin kwamfuta. Muka yi makonni muna yi, muka zuba masa a memori, muka ajiye sauran a wata ma'ajiya da ake jona wa kwamfuta. Ya ji daɗi ƙwarai, Shata a aljihu ba tare da zare ya sarƙe ba. Da aka zo gyaran ɗaki aka tambaye mu ko a zubar da kaset ɗin, muka ce a zubar, ai muna da su. Ba mu yi kwafi na biyu ba, mu da muke karɓar kuɗi muna gaya wa mutane su yi. Bayan shekara huɗu ma'ajiyar ta faɗo daga tebur ta daina juyawa. Memorin nasa kuma wani jika ya goge ya sa wasan ƙwallo. Waƙoƙin Shata ana samunsu a YouTube. Abin da ba a samu shi ne muryar mai gabatarwa tana karanta gaisuwar wani tela daga Fagge a 1978.

Takarda tana mutuwa a hankali, tana ba ka gargaɗi: gefe ya ci, gara ta taɓa, tawada ta koɗe, amma rabin shafi yana nan ana karantawa. Fayil kuwa yau yana nan cif, gobe babu ko ɗigo. Kuma ba a gidanmu kaɗai abin ya faru ba. Marubuta da masu sha'awar fim na Hausa sun yi shekaru suna tattaunawa a zaurukan Yahoo, kamfanin ya goge abin da ke ciki kafin ya rufe su gaba ɗaya a 2020. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Littattafan da aka buga a kwamfuta a shekarun 1990, kafin Unicode ya zama ruwan dare, an yi su ne da samfurin haruffa na musamman da ke ɗora ƙ da ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomi, don haka in ka buɗe fayil ɗin yau ba tare da wannan samfurin ba sai ka ga baka da alamomi a tsakiyar kalma. Yanzu kuma dubban labarai na yawo a WhatsApp, ana biyan marubuciya ta banki a sa ka a zaure, shafi na zuwa kowane dare. Hayar Inna ce ta dawo a wata riga, kuma muna murna da ita. Sai dai babu adakar da ake jefa su.

Littafin awo na ƙarshe ya tsaya a 2014 ne saboda idon Kawu ya yi rauni, yaran shago kuma sun koma ajiye awo a waya. Ba sha'awarsa ce ta tsaya ba. Mun san yana kallon Daɗin Kowa a Arewa24, mun san yana sa jikoki su kunna masa littattafan da ake karantawa a YouTube, ya dawo mai sauraro kamar maigidansa na farko. Mun san yana bin gasar Hikayata ta BBC tun da aka fara ta a 2016, yana gardama da Inna a kan labarin da ya cancanta. Amma wannan duk daga bakinmu ne, babu shi a rubuce. Muna iya gaya muku fim ɗin da ya gani a makon farko na Maris 1977 da wanda ya zauna kusa da shi. Abin da ya saurara a duk shekarar 2019 ba mu da ko layi ɗaya.

A ƙasan adakar akwai kwafin Ƙarshen Alewa Ƙasa, da bangon ƙyalle kore. Jadawalinmu ya nuna cewa shi kaɗai ne littafin da ya shigo hannun Kawu aro bai fita ba. Wani abokinsa mai gyaran agogo ne ya ba shi a 1984, kuma sau uku a shekaru dabam-dabam Kawu ya rubuta wa kansa tunin ya mayar. Mai agogon ya riga shi rasuwa. Muka tambaya a unguwa har aka nuna mana ɗansa, yana sayar da kayan waya a Farm Centre. Muka kai masa, muka yi masa bayani. Ya juya littafin, ya ga sunan mahaifinsa a shafin farko da rubutun hannunsa, ya yi shiru. Can ya ce bai taɓa sanin Baba yana karanta irin waɗannan ba. Ya tambaye mu ko akwai sauran abin da Baban ya ara ko ya bayar, muka ce akwai, layi arba'in da wani abu. Ya ce mu turo masa ta WhatsApp. Muka ce za mu turo, amma za mu kawo masa a takarda ma.